Sabon Tabarau a Tsohuwar Fuska

Ranar da ma'aikacin gwamnati ya cika shekara 35 yana aiki, ko kuwa ya cika shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa, ƙa'ida ta ce ya tattara nasa ya nasa ya koma gida. Abubuwan da zai miƙa a wannan rana sanannu ne: makullin ofis, da katin shaida, da 'yan fayilolin da suka kwana a teburinsa, in kuwa a gidan gwamnati yake zaune a ba shi wa'adin tashi. Amma akwai wani abu guda wanda ba a rubuta shi cikin takardar miƙa aiki ba, alhali kuwa da yawa daga cikin masu ritaya sukan haɗa da shi su miƙa ba tare da an tambaye su ba. Wannan abu shi ne dalilin sa tufafi masu kyau da safe.

Ku duba dai. Shekara 35 mutum na tashi da asuba, ya yi wanka, ya tsaya gaban akwati yana shawarar rigar da zai sa, ya karkata hula a madubi, duk don ya san akwai inda ake jiransa da ƙarfe takwas. Ran da aka daina jiransa sai ya ce, to, don wa? Sai ya jawo wata jallabiya mai taushi ya zura, ya saƙala silifa, ya fito ƙofar gida da rediyonsa. Yau jallabiya, gobe jallabiya, kafin wata shida jallabiyar nan ta zama kamar fatar jikinsa. Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe. Yaran unguwa da suka saba rusunawa su ce “Alhaji, barka da dawowa,” sai su koma cewa “Baba, sannu da hutawa.” Wanda ba a taɓa yi wa wannan gaisuwa ta biyu da ƙarfe goma na safe ba, ba zai san nauyinta ba.

Ni na bar aiki a 2022, bayan na yi wa gwamnatin tarayya hidima tun 1987, rabi a Legas rabi a Ibadan, ko Badun kamar yadda iyayenmu ke kiranta. Ban koma gida Arewa ba, domin 'ya'yana a nan suka tashi, wasunsu ma a nan suka yi aure. Na zauna a Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916. A cikin wannan zama ne na yi ta nazarin tsararrakina da muka ajiye aiki tare, har na gano cewa abubuwa biyu ne suke fara sukurkucewa ga ɗan fansho tun kafin guiwa da baya: yadda yake ganin duniya, da yadda duniya ke ganinsa. Tabarau kuwa a kan iyakar nan ta biyun yake zaune. Cikin dukan magungunan da likita ke rubutawa, shi kaɗai ne ake ɗorawa a tsakiyar fuska a fita da shi bainar jama'a.

Bari mu fara da idon kansa. A cikin ƙwayar idon kowane ɗan Adam, daga bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan abu garai-garai mai tudu gaba da baya, wanda aikinsa shi ne tattara haske ya kai shi bangon ido na ciki. Sa'ad da mutum yake yaro abin nan laushi gare shi. In za a dubi abu na kusa sai wasu 'yan tsokoki su sa ya ƙara tudu, in za a dubi nesa ya baje. Da shekaru suka fara turawa sai ya riƙa taurara, tsoka ta yi nata amma shi ya ƙi lanƙwasuwa. Daga wajen shekara 40 za ka ga mutum ya fara nesanta jarida daga fuskarsa, bana taƙi ɗaya, baɗi taƙi biyu, har ranar da tsawon hannu zai gaza. Wannan ba cuta ba ce, ɗan'uwan furfura ne, kuma ba ya ƙyale sarki balle talaka.

Ma'aunin ƙarfin gilashin da ke gyara wannan shi ake kira diyofta. Gilashi mai diyofta ɗaya yana tattara haske a nisan mita ɗaya, mai biyu a rabin mita, mai biyu da rabi kuwa a santimita 40, wato daidai inda mutum ke riƙe littafi. Shi ya sa ɗan shekara 45 kan fara da +1.00 ko abin da ya yi kusa da haka, ya yi ta hawa sannu a hankali har ya tsaya wajen +2.50 in ya kai sittin. Waɗannan lambobi su ne ake gani manne a jikin tabaran da ake bajewa a faifai a bakin titin Dugbe da Mokola, kusa da na rana da masu sayar da agogo. Mutum ya tsaya, a miƙo masa guntun jarida, ya gwada wannan ya gwada wancan, wanda rubutu ya fito da shi ya biya ya wuce.

Ban raina wannan tabarau na faifai ba. Ga wanda idanunsa biyu ƙarfinsu ɗaya, ba shi kuma da wata matsala sai ta karatun kusa, yana biyan bukata, kuma ya fi babu nesa ba kusa ba. Sai dai idanu biyu ba lalle ne su zama tagwaye ba, shi kuwa na faifai dama da hagu duk lamba ɗaya ce. Tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idon mutane ma ta bambanta, shi kuwa an yanka shi ne a kan fuskar da ba ta kowa ba. Babbar illar kuma ita ce mai faifai ba ya leƙa cikin ido.

Akwai wani abokin aikina da muka yi ritaya shekara guda, mutum mai tsantseni da tattalin kuɗi. Ya yi wajen shekara goma yana sauya na faifai, duk sa'ad da rubutu ya dushe sai ya ƙara lamba. Karatu kam yana yi, har Alƙur'ani mai ƙananan baƙaƙe. Amma iyalinsa suka lura yana yawan buge ƙyaure da kafaɗar hagu, ran nan kuma ɗan acaba ya kusa kwashe shi a Mokola, ya rantse bai ga tahowarsa ba sam. Ko da aka kai shi asibiti, sai aka tarar cutar gilokoma, wadda wasu ke kira hawan jinin ido, ta cinye mafi yawan jijiyar gani ta idon hagu, ta kuma fara taɓa na dama. Ita wannan cuta daga gefe take fara ci, ba zafi ba ƙaiƙayi, ta bar wa mutum tsakiya yana karatu da shi yana zaton lafiya lau yake. Abin da ta ci kuwa ya tafi ke nan, magani sai dai ya tsare saura. Ta fi kuma saurin kama baƙar fata. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa cikin mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama, fiye da huɗu cikin ɗari makafi ne; yanar ido ce kan gaba wajen jawo haka, gilokoma na bi mata. Yau abokin nan nawa yana ɗiga magani safe da dare, in za mu masallacin Juma'a kuma ni nake tsayawa ta hagunsa.

Saboda haka da na ga lokacin sauya nawa ya yi, sai na nufi inda ake awo sosai. Ga wanda bai sani ba, masu aikin ido kashi-kashi ne. Akwai likitan ido mai yin fiɗa, akwai masanin awon gani wanda ke gwada ido ya rubuta lamba, akwai kuma mai yanka gilashi ya ɗora shi a mazauninsa; waɗannan biyun na ƙarshe suna da hukumar da ke yi musu rajista tun dokar da aka kafa a 1989. Wadda ta duba ni wata yarinya ce Bayarabiya, ba za ta girmi 'yata ta biyu ba. Ta zaunar da ni nisan mita shida daga allon nan mai babban baƙi a sama da ƙanana a ƙasa, wanda wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Herman Snellen ya ƙirƙiro a 1862. In aka ce ganin mutum 6/6 ne, ya karanta daga mita shida abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga mita shida. In aka ce 6/12, sai ya matso mita shida kafin ya ga abin da wani ke gani daga mita 12. Wanda bai yi boko ba ma ba a bar shi a baya ba, akwai allo mai baƙi guda da ake jujjuyawa, shi dai ya nuna da yatsa inda ƙafafunsa suka dosa.

Ta auna ƙarfin ruwan idon, wanda ake so ya tsaya tsakanin 10 da 21, ta ce nawa yana cikin iyaka. Ta ɗiga mini wani magani mai buɗe baƙin ido, ta haska fitila ta daɗe tana leƙe, sa'an nan ta ce, “Baba, yana ta fara tsirowa a na dama, amma ba ta kai a taɓa ta ba tukuna. Ku riƙa zuwa duk shekara muna dubawa.” Daga nan ta ɗora mini wani ƙarfe mai nauyi a hanci ta shiga sauya gilasai tana tambaya, wannan ko wannan? Wannan ko na farko? Ban taɓa zama jarrabawar da ba a faɗuwa ba sai wannan, amma duk da haka sai da gumi ya karyo mini. Sakamako dai shi ne ina bukatar ɗan taimako wajen hangen nesa, idon dama ya fi na hagu bukata, na kusa kuma ƙarin +2.50.

A nan zaɓi ya fara. Mai bukatar nesa da kusa hanya uku gare shi. Ko ya yi tabarau biyu ya riƙa musanyawa, wanda ƙarshensa shi ne a wayi gari ɗaya na aljihun rigar da aka kai wanki. Ko ya yi mai hawa biyu, sama nesa ƙasa kusa da layi a tsakani, dabarar da ake danganta wa Benjamin Franklin na Amurka tun shekarun 1780. Ko kuwa ya yi wanda ba shi da layi, ƙarfinsa na ƙaruwa a hankali daga sama zuwa ƙasa, irin wanda wani injiniya Bafaranshe, Bernard Maitenaz, ya fito da shi kasuwa a 1959 da sunan Varilux. Wannan na uku na ɗauka, ko da yake ya fi tsada, domin yana da tsaka-tsaki inda fuskar wanda kake hira da shi da allon waya suke faɗawa. Yana da nasa hali. Gefe-gefensa kan ɗan murɗe abu, don haka sai mutum ya koyi juya hancinsa ya doshi abin da yake son gani. Wajen sauka daga bene kuma dole a sunkuyar da kai a dubi matakala ta saman gilashi, in ba haka ba ƙasa ta riƙa yi wa mutum iyo. Mako biyu na yi kafin mu saba.

An yi mini tayin irin wanda ke yin duhu da kansa in an shiga rana. Na ƙi. Na farko dai ba ya yin duhu sosai a cikin mota, don gilashin motar na tare hasken da ke sa shi juyewa. Na biyu, kuma shi ne ainihin dalilina, dattijo aikinsa magana da mutane: sulhu, neman aure, ta'aziyya, yawanci kuma a tsakar gida ko ƙofar gida ake yinsu, cikin rana. Wanda kake ba haƙuri yana da hakkin ya ga idonka. Mu kuwa da muka yi aikin gwamnati tsakanin 1993 da 1998, mun san abin da baƙin tabarau ke tuna mana.

Saura mazaunin gilashin, wato firam, kuma a nan ne magani ke komawa ado. Duk wanda ya duba cikin hannun tabaransa zai ga wasu lambobi uku, alal misali 52, 18, 140. Na farko faɗin gilashi ɗaya ne, na biyu faɗin gadar da ke hawa hanci, na uku tsawon hannun da ke zuwa kunne, duk a milimita. Lambar tsakiya ita ce mai ba mu wahala, domin da yawa daga cikin firam ɗin da ake shigowa da su an yi su ne don dogon karan hanci, a fuskar da gadar hancinta ta kwanta kuwa sai su yi ta zamewa, mutum ya wuni yana tura tabarau da ɗan yatsa. Akwai kuma abubuwa biyu da ba na jin masu ƙera shi a Italiya ko Sin sun yi tunaninsu. Ɗaya alwala: abin da za a cire a mayar sau biyar ko fiye a yini, dole maɗaurinsa ya zama mai ƙwari, ya kuma zauna daram kada ya faɗo a sujada. Ɗayan kuwa hula. Hannun tabarau ta ƙarƙashin bakin hula yake bi, ƙube mai tauri kuwa in ta sauko ta danne shi a kan ƙashin bayan kunne, kafin azahar ciwon kai ya sauka, mutum ya yi ta zargin gilashi alhali laifin hula ne. Shawarata ga duk mai zuwa zaɓen firam ita ce ya tafi sanye da hular da ya fi sawa.

Ya kuma tafi da ɗan rakiya, domin akwai wani abin dariya cikin lamarin: firam ɗin gwaji ba shi da lamba, saboda haka a daidai lokacin da kake son ganin ko ya dace da kai, a lokacin ne ba ka ganin kanka a madubi. Ni 'yata na ɗauka. Duk wanda na sa sai ta ɗauki hoto da waya, in mayar da tsohon tabarau in duba. Mai shagon ya fara miƙo mini wani mai da'ira, ya ce irin na Awo ne. A Ibadan ba sai an yi bayani ba. Cif Obafemi Awolowo ya rasu tun 1987, amma har gobe in aka zana da'ira biyu da hula a bango kowa ya san wanda ake nufi. Haka mu ma in aka ce Alhaji Shehu Shagari, doguwar hula da tabarau ne ke fara zuwa zuciya kafin sauran fuskar. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa tabarau ba ya tsayawa baƙo a fuska, zama yake yi ɗan gida. Na gwada na Awo, sai na fito kamar mujiya. 'Yata ta ɗauko wani mai ruwan zinariya ta ce, “Baba, wannan ya yi muku kyau wallahi.” Na ce, “Ke dai ba ki tausayina. In na bi ta Sabo da wannan ai sai a yi ta tare ni ana tambayar nawa dala take yau.” Daga bisani muka daidaita a kan wani mai ruwan ƙasa mai duhu, samansa miƙaƙƙe daidai da gira, ƙasansa da ɗan lanƙwasa, mai zurfin da zai ɗauki nesa da tsakiya da kusa. Kusa da furfura sai ya ba fuskar iyaka, kamar yadda baƙin zare ke fito da farar hula.

Kuɗin ya ci fiye da rabin fanshona na wata. Tun gyaran dokar fansho na 2004 abin da ma'aikaci ya tara shi ake gutsuro masa duk wata, gutsuren kuwa ba ya tafiya da gudun kasuwa, balle bayan da aka saki naira a 2023, ga shi gilashi da firam yawanci daga waje suke zuwa. Uwargida ta riƙe rasit ta daɗe tana kallo, ta ce, “Malam, wannan ai buhun shinkafa ne ka ɗora a hanci.” Gaskiyarta. Na ce mata ta lissafa: shaddar da zan ɗinka da wannan kuɗi sau nawa zan sa ta a shekara? Wannan kuwa daga asuba har in kwanta yana fuskata, shekara biyu ko uku. In aka raba kuɗin a kan kwanaki, babu abin da na mallaka mai araha kamarsa. Ba ta ce ta yarda ba, amma ita ta ɗinka masa 'yar jaka, ita ce kuma ke hana ni goge shi da hannun riga mai sitaci, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke zama kamar yashi a kan gilashi.

Sabon tabarau ba shi da kara. Ran da na fara fita da shi majalisarmu ta bayan la'asar, na ga abin da ya ba ni tausayi: ɗigon manja a ƙirjin wannan, wuyan rigar wancan ya zare, wani an yi masa aski an bar tsibiri a bayan kunne. Waɗannan mutane ne da na san su da tsabta shekara talatin. Sai na fahimci cewa da yawa daga abin da ake kira ƙazantar tsufa, rashin gani ne kurum. Mutum ba ya wanke tabon da bai gani ba, iyali kuma kunya ta hana su faɗa.

Majalisar kuwa ba ta bar ni ba. Da suka ga sabon tabarau ga kaftani mai guga ranar Talata, ba suna ba ɗaurin aure, sai aka ce Alhaji budurwar zuciya ta motsa, a bincika ko ƙari zai yi. Jikata ma da ta gan ni cewa ta yi, “Angona, yau kuma wa za ka yi mini kishiya da ita?” Na yi dariya, amma zancen yana da tushe da ya kamata a tona. Daga ina muka samo cewa ado na yaro ne, tsoho kuwa sai ya yi ta fama da tsumma? A ƙasar Hausa ta iyayenmu akasin haka ne. Saurayi ne ke yawo da 'yar shara. Babbar riga, da rawani, da kwagiri, da kwalli a ido ran Juma'a, kayan dattijo ne, kuma gwargwadon shekarun mutum gwargwadon nauyin rigarsa. Aikin ofis ne ya zo ya ɗaure mana ado a jikin albashi, har muka ɗauka in ɗaya ya tsaya ɗayan ma ya tsaya.

Maƙwabtanmu Yarabawa ba su yarda da wannan ɗauri ba. Duk wanda ya zauna Ibadan ya ga tsohon da ya haura tamanin ya fito ranar Asabar cikin agbada ta aso oke, hula a karye gefe guda, yana tafe kamar ƙasar tasa ce. Manyan saƙoƙinsu uku, waɗanda ake samu a kasuwar Oje, duk muna da 'yan'uwansu: etu mai shuɗi mai duhu shi ne saƙinmu, sanyan shi ne tsamiya, alaari kuwa ko sunan ma ya yi kama da alharini. Kayan iri ɗaya ne, su dai ba su ajiye nasu a ƙasan adaka ba.

Inda abin ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar tantance 'yan fansho. Wani daga cikinmu ya ba da shawara cewa kowa ya sa mafi tsufar rigarsa, don jami'ai su ga halin da muke ciki su tausaya. Na ce ni ban taɓa ganin inda tsumma ya sa aka sa hannu a takarda da wuri ba, na yi shekara 35 a bayan tebur, na san wanda ake cewa “zauna a nan” da wanda ake cewa “jira a waje.” Ba na yabon wannan hali na ma'aikata, abin kunya ne, amma haka yake. Na tafi da babbar riga. Ba ta ƙara mini ko kwabo a fansho ba, layin ma na bi shi kamar kowa. Sai dai da na isa gaban yaron da ke duba takardu, ya miƙe ya gaishe ni, na kuma karanta fom ɗin da kaina har ƙananan rubutun ƙasa, na nuna masa inda aka juya lambobi biyu a ranar haihuwata. Wanda ya ba da shawarar tsumma kuwa sai da ya nemi wani ya nuna masa layin da zai sa hannu.

Ba ina cewa ɗan fansho ya shiga gasa da 'yan kasuwa ba. Aljihun ba zai ɗauka ba, kuma ba a bukata. Abin da na yi shi ne na rage yawa. Na fitar da duk abin da ke akwati, na rabar da fiye da rabi, sauran na kai wa tela, domin jiki bayan sittin ba shi ne na arba'in ba: kafaɗa ta rage, ciki ya ƙaru, rigar da ta zauna da kyau a da yanzu rataye take kamar an shanya ta. Gyaran kaftani biyar bai kai kuɗin ɗinka sabo ɗaya ba. Shadda mai nauyi na bar wa Juma'a da biki, don zafin Ibadan mai gumi ne, yadi marar nauyi ya fi dacewa da yau da kullum. Ruwan toka da shuɗi mai haske da ruwan tsamiya sun fi zama da furfura. A takalmi ne kaɗai ban yi tsimi ba; na bar silifa na koma sau-ciki mai riƙe dunduniya wanda ƙasansa ba ya santsi, domin faɗuwa ɗaya a wannan shekaru tana iya kwantar da mutum kwanciyar da ba tashi. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, a nan kuwa ba ta lafiya ma.

Cikin kayan da na fitar har da rigar mahaifina, tsamiya mai aska takwas, aikin hannu na Zariya, wadda ta girme ni. Zaren ya saki a bakin aljihu da wajen tambari. Na kai ta wurin wani tsohon maɗinki a nan Sabo wanda a da ba a yi kamarsa ba a aikin hannu. Na tarar ya koma sayar da zare da maɓallai. Ya shafa rigar ya ce, “Alhaji, ka makara. Hannu na nan, ido ne ya tafi. Rabona da ganin kafar allura shekara shida.” Na tambaye shi ko an taɓa auna idon, ya ce tsufa ai ba a auna shi.

Na tuna wani bincike da aka buga a 2018, wanda aka yi a kan masu tsinkar ganyen shayi a jihar Assam ta Indiya: waɗanda aka ba tabaran kusa, abin da suke tsinka a yini ya ƙaru da wajen kashi 22 cikin ɗari. In haka ne ga mai tsinkar ganye, ina ga mai allura? Ban tsaya yi masa wannan dogon bayani ba. Na sa ɗana ya ɗauke shi a mota ranar Litinin. Aka duba, jijiya lafiya, ruwan ido lafiya, yana kaɗan. Aka rubuta masa +3.00 saboda aikinsa ya fi karatu kusa da fuska. Ya zaɓi firam baƙi mai kauri, ya ce shi ba ya son abin da zai karye in jika ya zauna a kai.

Bayan kwana goma na bi ta rumfarsa. Na same shi a bakin ƙofa inda haske ya fi, rigar mahaifina shimfiɗe a cinyarsa, allura a hannu, ya sa sabuwar hula. Ya ce in dawo bayan Babbar Salla, aikin ba na gaggawa ba ne. Har na juya sai ya kira ni, ya ɗaga wajen tambarin ya nuna mini da bakin allura, ya ce wanda ya yi aikin nan tun farko gwani ne, amma ga inda ya tsallake ɗinki biyu.